Waiwaye: Kamfanin da Ya Haɗa Kantin Magani da Wasan Kwamfuta

A shekarar 1994 wani wasan kwamfuta ya fito a Amurka mai suna BreakThru! Katanga ce ta bulo masu launi iri-iri ake jera maka a fuskar na'ura, kai kuma ka riƙa taɓa waɗanda launinsu ya zo ɗaya suke manne da juna, su ɓace, na sama su rufto, har ka rushe katangar kafin lokaci ya cim maka. Kamfanin Spectrum HoloByte ne ya kai shi kasuwa, kuma a jikin kwalin an buga sunan Alexey Pajitnov, ɗan Rashan nan da ya ƙirƙiro Tetris, domin a wancan zamani sunansa kaɗai ya isa ya sayar da kaya. Ba shi ya tsara wasan ba, gabatar da shi kawai ya yi. Wanda ya yi haƙurin karanta ƙananan rubutun da ke ƙasa zai ci karo da sunan wani kamfanin Japan da ba kowa ya san shi ba, Zoo Corporation.

Zoo ba a Tokyo yake ba, ba kuma a Kyoto inda Nintendo ta yi kaka-gida ba. Yana Ueda ne, gari mai mutum kimanin dubu 150 a cikin tsaunukan jihar Nagano, a bakin kogin Chikuma. A 1986 aka kafa shi. Spectrum HoloByte, wadda ta fi shi suna nesa ba kusa ba, tuni ta zama tarihi: ta haɗe da MicroProse, a 1998 kamfanin kayan wasan yara na Hasbro ya saye su, sunan ya bi ruwa. Shi kuwa Zoo yana nan har gobe yana sayar da wasanni. Abin da ya sa na ɗauko labarinsa a wannan fili shi ne ɗaya sana'ar tasa, wadda masu wasa ba su cika sani ba. Yana rubuta manhajar da kantunan magani ke aiki da ita wajen karɓar takardar likita, lissafa kuɗi, ajiye tarihin abin da kowane majinyaci ya sha, da neman biya daga inshorar lafiya. Fitacciyar manhajarsa a wannan fanni ana kiranta Gennai.

Da jin haka mutum zai ce me ya haɗa kifi da kaska. Amma a Japan ta shekarun 1980 wannan ba abin mamaki ba ne ko kaɗan. Lokacin ne ƙananan kwamfutoci suka fara shiga ofisoshi da gidaje, musamman samfurin PC-9801 na kamfanin NEC da ya fito a 1982 ya mamaye ƙasar fiye da shekara goma, kuma duk wanda ya iya rubuta umarnin da na'ura za ta bi, kowa nemansa yake. Kamfanonin wasan da suka yi tashe daga baya, da yawansu daga wata sana'a suka ɓullo. Hudson shagon kayan rediyo ne a Sapporo. Koei ta samo asali daga cinikin rini da sinadaran masana'antu. Square, mai Final Fantasy, wani sashe ne a cikin kamfanin da ke aikin wayoyin lantarki. Falcom shagon sayar da kwamfuta ne a Tachikawa. A wancan lokacin ba a riga an gina katanga tsakanin mai rubuta manhajar lissafin albashi da mai rubuta wasa ba. Sau da yawa mutum ɗaya ne, da rana yana wannan, da dare yana wancan. Abin da ya bambanta Zoo shi ne bai taɓa sakin ɗayan don ya rungumi ɗayan ba. Kuma domin a gane dalilin da ya sa ɓangaren magani ya cancanci riƙewa, sai an koma baya an ga yadda kantin magani ya sami matsayinsa a Japan, domin da ƙyar ya same shi.

Raba aikin likita da na mai harhaɗa magani tsohuwar hikima ce. A Bagadaza ta zamanin Abbasiyawa masu harhaɗa magani sana'a ce mai zaman kanta, muhtasibi yana duba kayansu. A Turai, sarki Frederick na biyu ya kafa dokar raba su wajen shekarar 1240. Hikimar a fili take: wanda ke rubuta magani kada ya zama shi ke cin ribar sayar da shi, kuma a samu ido na biyu da zai duba abin da ido na farko ya rubuta. Japan ta rubuta wannan ƙa'ida a tsarin lafiyarta tun 1874, amma a takarda ta tsaya, domin a al'adar ƙasar likita shi ne mai ba da magani da hannunsa. Bayan yaƙin duniya na biyu, a ƙarƙashin mamayar Amurka, an sake yin doka a 1951, ta fara aiki a 1956, amma ƙungiyar likitoci ta yi tsayin daka har sai da aka cusa mata togaciya masu yawan da suka bar likita ya ci gaba da yadda ya saba. Da inshorar lafiya ta game kowa a 1961, sai abin ya ƙara kankama. Gwamnati ke yanke farashin kowane magani, likita kuma yana sayo shi ƙasa da wannan farashi daga dillali, bambancin ya shiga aljihunsa. Ba sai an faɗa ba, majinyata suka riƙa komawa gida da jaka cike da ƙwayoyi, har Japanawa suka riƙa kukan cewa ana jiƙa su a cikin magani.

Abin da wa'azi da doka suka kasa, kuɗi ya yi shi. A 1974 gwamnati ta ɗaga ladan rubuta takardar magani daga yen 100 zuwa yen 500, daga baya kuma ta yi ta matse ribar da ake samu tsakanin farashin saye da na hukuma. Sannu a hankali likitoci suka ga ajiye magani a asibiti wahala ce da ba ta biya. Wajen 1990 kusan kashi 12 cikin ɗari ne kawai na takardun magani ke fita zuwa kantunan waje. Zuwa 2003 an haye rabi, yanzu kuma ana wajen kashi 80. Yau kantunan magani a Japan sun haura dubu 60, sun fi shagunan nan na sayayyar yau da kullum da ke buɗe dare da rana yawa.

To amma yadda aka yi rabon a yawancin garuruwa bai cika burin ba. Sai ka ga kantuna sun yi layi a ƙofar babban asibiti, kowanne yana jiran takardun likitocin wannan asibiti kaɗai. Majinyaci ya ga likitan ido ya karɓi magani a kantin ƙofarsa, gobe ya ga likitan zuciya ya karɓa a wani kantin, babu wanda ya san duka abin da yake haɗiya. A nan ne garin Ueda ya yi suna a duk faɗin ƙasar. Ƙungiyar masu harhaɗa magani ta garin ta daɗe da bin wata hanya dabam: mutum ya riƙe kanti guda na unguwarsu, duk likitan da ya gani ya kawo takardar nan, kantunan kuma su riƙa karɓa-karɓa wajen aikin dare da ranakun hutu. Irin wannan kanti yana karɓar takardu daga asibitoci barkatai, yana ajiye magunguna iri-iri masu yawa, yana bin tarihin mutum shekara da shekaru. Ƙwaƙwalwar mutum ɗaya da littafin rajista ba za su ɗauki wannan ba. A ganina, kamfanin manhaja da ya tashi a irin wannan gari ya tashi ne a tsakiyar mutanen da suka riga sauran ƙasar sanin abin da suke buƙata daga kwamfuta, kuma masu iya tako ƙafa su zo ofishinka su gaya maka inda aikinka ya gaza. Wannan makaranta ce da kuɗi ba ya saye.

Abin da ya nuna wa Japan cewa wannan ajiyar tarihi batun rai ne ya faru a 1993, shekara guda kafin wasan rushe katangar nan ya fito. A watan Satumba kamfanin Nippon Shoji ya fitar da sabon magani mai suna sorivudine, na ƙurajen nan masu zafi kamar wuta da ke fesowa a gefe guda na jiki, waɗanda ƙwayar cutar ƙarambau ke haddasawa idan ta farfaɗo bayan shekaru. Maganin yana aiki. Matsalarsa ita ce idan ya narke a jiki yana haifar da wani sinadari da ke toshe hanyar da jiki ke bi ya rushe fluorouracil da danginsa, magungunan ciwon daji da ake yawan bayarwa a Japan. Idan mutum ya haɗa biyun, maganin dajin sai ya taru a jini ya zama guba, ya kashe ɓargo, jinin ya rasa sojojin kare kansa. Ga shi kuma masu ciwon daji, saboda raunin jikinsu, suna cikin waɗanda ƙurajen suka fi kamawa. Cikin kusan wata guda da fitowar maganin mutum 15 suka rasu.

Abin da ya fi tsaya mini a rai a wannan labari shi ne yadda kowa ya yi nasa aikin amma mutane suka mutu a tsakanin ayyukan. Likitan fata ya rubuta maganin ƙuraje. Likitan daji, a wani asibitin, ya rubuta nasa. A wancan zamani likitocin Japan da yawa ba sa gaya wa mutum cewa daji gare shi, sai dai a sanar da iyali, saboda haka ko an tambayi majinyaci me yake sha, ba lallai ya san amsar ba. Gargaɗin yana cikin takardar da ke tare da maganin, amma ba a fito da shi yadda zai tsayar da mai karatu ba, alhali an riga an rasa rayuka tun a lokacin gwaji. Sannan aka ƙara da abin kunya: an gano ma'aikatan kamfanin da dama sun yi gaggawar sayar da hannun jarinsu kafin labarin mace-macen ya fita. Da akwai wuri guda da sunayen magungunan biyu za su haɗu a shafi ɗaya a gaban mutum mai ilimin abin, da an ceci yawancin waɗannan bayin Allah.

Daga wannan musiba ce ɗan littafin magani ya yaɗu, wanda Japanawa ke kira okusuri techo. Ƙaramin littafi ne da ke shiga aljihu, duk kantin da ya ba ka magani ya liƙa maka takardar sunansa da adadinsa da ranar. Girgizar ƙasar Kobe ta Janairun 1995, wadda ta ci rai sama da 6,400, ta ƙara nuna amfaninsa, domin masu hawan jini da ciwon sukari sun tsira da ransu amma ba su iya faɗin sunan abin da suke sha ba, asibitocinsu kuma sun rushe. A 2000 aka shigar da littafin cikin abin da inshora ke biyan kanti lada a kai. Da igiyar teku ta share garuruwan arewa maso gabas a Maris ɗin 2011, ta tafi da fayilolin asibitoci, waɗanda suka fito da littafinsu a jaka sun fi saurin samun maganinsu daga likitocin agaji.

Wannan ita ce duniyar da manhajar kantin magani ke aiki a cikinta. Tsohuwa ta shigo da takarda, wadda doka ta ba ta kwana huɗu kacal kafin ta lalace. Na'ura ta ɗauko tarihinta, ta gwada sabon maganin da waɗanda take sha, ta duba ko an taɓa rubuta cewa wani ya tayar mata da borin jini, ko wani likitan ya riga ya ba ta irinsa da wani suna, ko adadin ya wuce kima. Idan akwai shakka, dokar masu harhaɗa magani ta Japan ta hana a miƙa maganin sai an tuntuɓi likitan an warware. Daga nan a buga takardar bayani, a buga ta liƙawa a littafi, a lissafa kason da za ta biya, wanda ga mai shekarun aiki kashi 30 ne, ga tsofaffi kuma yakan ragu. A ƙasar da kusan kashi 29 na jama'a suka haura shekara 65, mutum guda yana iya shan magani bakwai ko takwas, har sai an ɗaure masa na kowane lokaci a ƙunshi guda an rubuta safe, rana, dare. Kafin goma ga watan da ke biye kuma, dole kanti ya tura lissafin duk abin da ya bayar, in an sami kuskure a dawo masa da shi, kuɗinsa ya maƙale.

Sai kuma babbar jarrabawa, wadda duk mai wannan sana'a a Japan ya san zafinta. Bayan kowace shekara biyu gwamnati na sake fasalin ladan aikin lafiya gaba ɗaya: abin da ake biya kan wannan ya ragu, an ƙirƙiro sabon lada kan wancan, sharaɗin samun wani ya canza. Farashin magunguna kuwa tun 2021 kowace shekara ake taɓa shi. Shekara da shekaru cikakken bayanin yakan fito ne a farkon Maris, a ce ya fara aiki ranar 1 ga Afrilu. Makonni kaɗan ke nan a karanta ɗaruruwan shafuka na harshen hukuma, a fahimce su, a mayar da su umarnin kwamfuta, a gwada, a isar wa kowane kanti, alhali hukuma na ci gaba da fitar da ƙarin bayani kan wuraren da suka shige duhu. Wahalar ta kai har a 2024 gwamnati ta matsar da ranar fara aiki zuwa 1 ga Yuni, kuma cikin dalilan da ta bayar akwai sassauta wa masu rubuta manhajar. Babu wanda zai tafa maka idan ka yi daidai. Ranar da aka buɗe kanti lissafi ya fito yadda ya kamata, shi ke nan, ba a ma tuna da kai. Amma kantin da ka fitar daga wannan kwazazzabo sau biyar, sau goma, ba ya barinka don wani ya zo masa da allo mai ƙyalli, kuma duk wata yana biyan kuɗin kulawa.

Kasuwar wasa kuwa akasin haka take. Wasa guda yana iya kawo ribar shekara biyar, biyar na bayansa su kwanta a shago. Masu saye ba su yi maka alkawarin komai ba. Manomin da ya san abin da yake yi yakan shuka gyaɗa ko auduga don kasuwa, amma ba ya hana gero gonarsa, domin ranar da farashi ya faɗi rumbu ne ke riƙe gida. Haka nake kallon sana'o'in Zoo guda biyu.

Kada a ɗauka cewa duk wanda ya haɗa biyun ya tsira. Kamfanin Compile na Hiroshima ya fi Zoo suna a fagen wasa ninkin ba ninkin. Shi ya fitar da Puyo Puyo a 1991, wasan da ya zama ruwan dare a Japan har kamfanin ya buɗe shagunan sayar da ƙananan kek da aka yi da siffar halittun cikinsa. Da kuɗi suka shigo, ya ɗebi ma'aikata da yawa, ya kuma faɗa kasuwar manhajar ofis da wani kaya mai suna Power Acty, ya kashe dukiya wajen tallarsa. Ofisoshi ba su saya ba. A Maris ɗin 1998 ya nemi kotu ta shiga tsakaninsa da masu binsa bashi, haƙƙin Puyo Puyo ya koma hannun Sega, zuwa 2003 kamfanin ya ruguje. Compile ya shiga harkar ofis ne daga sama, da ƙarfin suna da talla, yana neman kowa da kowa. Manhajar kantin magani daga ƙasa ake gina ta, da sanin sana'a guda ciki da bai, da ɗaukar waya idan na'urar buga takarda ta tsaya ga layin marasa lafiya suna jira. Suna ba ya taimaka maka a nan.

A ɓangaren wasa ma, Zoo ya fi yin fice a aikin da ba a cika yabawa ba. A ƙasar da Nintendo da Sony suka mallaki falo, wasannin kwamfutar tebur na Turai da Amurka ƙaramar kasuwa ce ta masu sha'awa, kuma wani ne zai sayo izini, ya fassara, ya buga littafin bayani, ya amsa ƙorafi. Zoo ya yi wannan dillanci shekaru da dama. Ta hannunsa Grand Theft Auto na farko ya shiga kwamfutocin Japan, tun wasan bai zama dodon da ya zama ba, haka kuma Left 4 Dead daga baya. Da sayar da wasa ya koma ta intanet, aikin dillalin kwali ya ragu, sai kamfanin ya karkata ga ƙananan wasannin kansa masu arha. A nan ba zan ɓoye ra'ayina ba. Grand Theft Auto wasa ne na sata da kisa, wanda ko a Japan jihar Kanagawa ta hana sayar wa yara kashi na ukunsa a 2005, kuma da yawa cikin ƙananan wasannin da Zoo ke fitarwa yanzu da zanen 'yan mata marasa cikakkiyar sutura ake jawo masu saye. Ba abin da zan so in gani a hannun ɗana ba ne, kuma ingancin aikin kamfanin a kantin magani bai wanke wannan ba. Abin koyi a wurinsa yana wancan ɓangaren.

Darasin da na gani ya shafe mu ta fuska biyu. Ta farko ta matasanmu ce masu koyon rubuta manhaja a Kano da Kaduna da Zariya da Yamai. Yawancin waɗanda na ji suna magana, burinsu su ƙirƙiro abin da duniya za ta sauke a waya, wani attajirin waje ya zuba musu dala. Ba laifi ba ne, kuma wanda yake da baiwar yin wasa ya yi, domin nishaɗi mai tsabta shi ma hidima ce. Amma a kan titin da suke bi kullum akwai mai kemis da bai san adadin kayan da ke shagonsa ba sai ya ƙirga da hannu, bai san wanne ne zai lalace wata mai zuwa ba, bai san wa ya ba bashi ba sai ya buɗe littafi. Wanda ya zauna da shi wata shida, ya koyi yadda yake saye da yadda yake sayarwa, ya rubuta masa abin da ke aiki ko babu wuta ko babu intanet, ya kuma ɗauki waya ranar da abin ya tsaya, ya sami abokin ciniki na shekara ashirin. Ba za a gayyace shi taro ya yi jawabi ba. Zai dai biya albashi a ƙarshen wata.

Fuska ta biyu ta fi nauyi. Yanayin da ya kashe mutum 15 a Japan a 1993 shi ne yanayin da muke ciki kullum. Dattijo mai hawan jini ya karɓi magani a asibitin gwamnati, ƙafa ta dame shi ya aika yaro kemis, 'yarsa ta kawo masa wani daga birni, maƙwabci ya ba shi jiƙo, kuma babu mahaluƙi guda da ya taɓa ganin jerin gaba ɗaya. Idan ƙoda ta lalace sai a ce ciwo ne ya zo. Maganin wannan bai jira kwamfuta ba. Littafin Japanawa takarda ne, kuma littafin makaranta na 'yan nairori zai yi aikinsa, muddin duk wanda ya ba da magani zai rubuta suna da adadi da rana, duk wanda zai bayar kuma ya fara karantawa. Duk gidan da ke da tsoho mai shan magani kullum zai iya fara wannan yau.

Sai dai gaskiya ta wajaba a kan iyakar kwatancen. Kasuwar da Zoo ke ci a cikinta hukuma ce ta gina ta. Kantin Japan yana sayen manhaja ne domin ba zai sami kuɗinsa daga inshora ba sai da lissafi mai tsabta, kuma ana biyansa lada kan ajiye tarihin majinyaci da yi masa bayani. A Najeriya dokar 2022 ta wajabta inshorar lafiya, amma har yanzu akasarin mutane daga aljihu suke biya, kuma mai kemis ba ya samun ko kwabo don ya tsaya ya yi tambaya. Inda ba a biyan kulawa, kaɗan ne za su yi ta. Japan ma sai da ta shafe shekara ɗari cif tsakanin rubuta ƙa'idar a 1874 da sa mata farashi mai tsoka a 1974, kuma bayan nan ne abin ya motsa. Masu tsara hukumomin inshorar jihohinmu ya kamata su dubi wannan da kyau: abin da suka zaɓa su biya lada a kansa, shi za a yi.

Ita ma Japan ba ta gama ba. Manyan kamfanoni masu ɗaruruwan rassa, irin su Ain da Nihon Chouzai, suna ta haɗiye ƙananan kantuna, kuma duk kantin unguwa da aka saye, mai yi masa manhaja na iya rasa shi. A Janairun 2023 aka fara takardar magani ta lantarki, wadda ke bi ta rumbun bayanai na ƙasa, ta yadda likita da kanti za su ga abin da aka ba mutum a ko'ina, abin da aka rasa a 1993 ke nan. Amma a Disambar 2024 ma'aikatar lafiya ta dakatar da fitar da irin waɗannan takardu na 'yan kwanaki, bayan an gano wasu lokuta da likita ya rubuta magani kaza, allon kanti ya nuna wani dabam. Lambobin da ke wakiltar magunguna ne aka haɗa ba daidai ba a wasu asibitoci da kantuna. Ma'aikatar ta ce ba a sami rahoton wanda ya cutu ba, ta kuma umarci asibitoci da kantuna da kamfanonin da ke yi musu manhaja su zauna su bi lambobin ɗaya bayan ɗaya kafin a ci gaba.